Me ya sa waƙar son maso wani ta fi ratsa zuciya?

Tambaya: Malam, akwai wanda na faɗa wa ba na yi da shi, amma kullum sai ya turo min waƙoƙin nan masu cewa in babu ke rayuwa ta ƙare. Me ya sa mawaƙa suka fi yin irinsu? Kuma wannan shi ne so na gaskiya? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, rashi ne abincin mawaƙi. Wanda aka amsa masa yana can yana lissafin lefe. Wanda aka ƙi kuwa shi ke kwana ido biyu, baiti na zuwar masa. Masu sauraro ma kusan kowa ya taɓa ɗanɗana son maso wani, shi ya sa da an saka waƙar sai ya ji kamar da shi ake.

Ga misalin da ya fi tsaya min a rai. A 1970 mawaƙin Ingila Eric Clapton ya fitar da waƙar Layla. Sunan ya ɗauko shi ne daga labarin Laila da Majnun, wanda Nizami ya waƙe da Farisanci a ƙarni na 12. Sai dai akwai bambanci babba. Ƙaisu ɗan Mulawwah, wato Majnun, Laila na sonsa, mahaifinta ne ya hana. Ita kuwa wadda Clapton ya yi wa waƙa, Pattie Boyd, matar aure ce, mijinta George Harrison na ƙungiyar mawaƙa ta Beatles, aminin Clapton. Clapton ya kunna mata waƙar tun ba ta fita ba, ta ƙi barin gidanta, shi kuma ya faɗa shaye-shayen ƙwaya na shekaru. Daga baya aurenta ya mutu, suka yi aure a 1979. Giya da neman mata suka cinye zaman, a 1989 suka rabu.

Abin da ke damuna da irin waɗannan waƙoƙi shi ne bakin mutum ɗaya kawai ake ji. Muna jin kukan mai so, ba ma jin wadda aka takura wa, wadda wayarta ke ƙara ƙarfe biyun dare tana duba lambar gabanta na faɗuwa.

Zai yiwu ciwon da yake ji na gaske ne, ban raina shi ba. Amma ba bashi ba ne a kanki. Ki sake faɗa masa sau ɗaya, a fili, ki daina amsa saƙon. In nacin ya koma bibiya ko barazanar zai cutar da kansa, ki sanar da iyayenki ko yayanki a ranar, su yi magana da nasa manyan.