Me matuƙi yake yi in na'ura ce ke tuƙa jirgi?

Malam, ka tambaya ko matuƙan jirgin Sakkwato zuwa Abuja hutawa suke yi da zarar na'ura ta karɓi tuƙi. Ina! Na'urar nan abin da aka danna mata shi take bi, ko da kuskure ne. In mai kula da zirga-zirgar jirage ya ce a hau ƙafa 31,000, ɗaya daga cikin matuƙan biyu ya maimaita lambar ta rediyo, ɗayan ya saka ta a na'urar, duka biyun su duba su tabbatar. Daga ƙafa 29,000 zuwa 41,000, tazarar jirgi da na samansa ƙafa 1,000 ce kacal, don haka kaucewar ƙafa 300 ma ba wasa ba ce. Ga kuma ma'aunin tsayi: in an manta mayar da shi 1013, wato lambar awon nauyin iska da duk jirage ke bi a can sama, bayan an haura tsayin da aka ƙayyade, lissafin tsayi ya rikice.