Tambayi Anti: Soson ƙarfe ya ɓata min tukwanen aurena

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Ni amarya ce wata biyar da tarewa, cikin kayan kicin ɗina akwai saitin tukwane masu baƙin shafi a ciki waɗanda abinci ba ya kamawa. Rannan jalof ta ɗan kama sai na sa soson ƙarfe na dirje, yanzu cikin duk ya yi zane-zane har fari yana leƙowa, kuma komai na dafa sai ya manne. Don Allah ana gyarawa? Kuma wane soso zan riƙa amfani da shi?
Daga wata amarya a Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da zaman lafiya. Wallahi na ji zafin abin nan don na san yadda iyaye ke wahala kafin su haɗa kayan kicin. Gaskiya wannan tukunyar ba ta gyaruwa. Baƙin da kika gani ba ƙarfe ba ne, wani siririn shafi ne aka yi wa alminiyum, shi kuwa soson ƙarfe aikinsa ke nan ya kankare abin da ke sama, ba ruwansa da ƙanzo ne ko shafi ne. In zanen kaɗan ne ki ci gaba da ita da ludayin katako da ƙaramar wuta, in kuwa shafin ya fara ɓarewa yana bin abinci to ki haƙura ki ajiye ta. Sauran saitin kuma soso mai laushi kawai da ruwan sabulu, in abu ya kama ki zuba ruwan ɗumi ki bar shi ya jiƙa ki je ki yi wani aikin, kafin ki dawo ya saki.

Kinga abin da muke ce wa soson ƙarfe iri biyu ne, mutane da yawa ba su lura ba. Akwai mai ƙyalli wanda yake a murɗe kamar sifirin, ba ya saurin tsatsa, shi ne na dirje baƙin bayan tukunyar da aka ɗora a kan itace ko gawayi. Akwai kuma mai laushi kamar audugar waya, kalar toka, shi yana sa alminiyum ƙyalli sosai amma da ya sha ruwa ya kwana to gobe ja za ki same shi. Shi ya sa nake yankar ɗan abin da zan yi aiki da shi da almakashi, in gama in yar, sauran kuma yana ƙulle cikin leda inda ruwa ba ya zuwa.

Inda soson ƙarfe yake da gida shi ne tukunyar alminiyum irin ta maƙera, da kaskon suya na baƙin ƙarfe, da wayar gashi, da ƙarfen murhu. Baƙin ƙarfe dai in kin wanke ki busar a kan wuta ki shafa ɗan mai, in ba haka ba tsatsa. Amma samira da tangaran masu zanen ruwan gwal da roba da jikin firij da fulas ɗin abinci, kar ma ki gwada. Kwanukan silba ma ban so, yana dushe musu ƙyalli, kuma mai laushin yana barin ɓurɓushi a jiki ya yi ɗigo-ɗigon tsatsa ki ce kwanon ne jabu alhali soson ne.

In tukunyar alminiyum ta yi baƙi a ciki, musamman bayan girki da kanwa, ba sai kin karya hannu ba, ki tafasa ruwan tsamiya ko lemon tsami a ciki na minti 10 zuwa 15. Bayan tukunya kuma ki shafa sabulu kafin ki ɗora a itace kamar yadda iyayenmu ke yi. Kuma don Allah ki riƙa ɗauraye da kyau, soson da ya tsufa yana zubar da waya, ni na taɓa cire guntunta a cikin tuwon yaro hankalina ya tashi ba kaɗan ba, tun ranar da na ga soso ya fara warwarewa nake jefarwa.

*

Anti ina koyon kafinta, ogana ya ce in sayo soson waya na goge banish, wanne zan saya?
Daga wani matashi a Zariya

Ɗana sannu da neman na kai, Allah ya sa albarka. Kar ka je wajen masu kayan wanke-wanke, shagon masu fenti za ka je. Na kafintoci lamba gare shi, daga 4 wanda ya fi kaushi har zuwa 0000 wanda ya fi kowanne laushi, yawan sifiri yawan laushi. Lamba 3 da 4 na cire tsohon fenti ne da tsatsa, kai 000 ko 0000 kake nema. Ba ya maye gurbin samfefa fa, sai ka gama da samfefa ka shafa banish ya bushe sarai sannan ka bi da shi a hankali ta inda layin katakon ya nufa, kar ka gitta, ka share ƙurar tas kafin shafi na biyu. In banish ɗin irin wanda ake sirkawa da ruwa ne kar ka sa masa soson waya ko kaɗan, ɓurɓushin zai yi tsatsa a ciki, ka nemi koren soson roba ko samfefa mai laushi.

Sannan ka nisanta soson waya da batir da soket da tartsatsin walda. Mai laushin nan wuta yake kamawa, ƙaramin batir mai bolt 9 in ya taɓa shi nan take zai yi ja, ga shagonku cike da ƙurar katako da tina, ruwan sirka fenti mai saurin kama wuta.