Yadda ake jera ɗigo daidai wa daida a jikin ƙwallo a manhajar zane

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zana murfin fitila mai siffar ƙwallo a manhajar zane ta Rhino, faɗinsa santimita 30, ina so in huda ramuka 200 a jikinsa kafin in kai a buga mini shi. Na rubuta ɗan umarnin kwamfuta da ke jera ramukan layi-layi, amma sai suka cunkushe a sama da ƙasa, tsakiya kuma ta zama fili. Yaya zan yi tazararsu ta zama ɗaya? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, matsalar tana cikin tsarin da ka bi. Ɓare lemu ka dubi layukan da suka raba ɓangarorinsa: a ciki sun yi nesa da juna, a kai da gindi duk sun haɗu wuri guda. Kai kuma ka sa adadin rami ɗaya a kowane zagaye, alhali zagayen da ke kusa da kai ƙarami ne. Dole su hau kan juna.

Sai dai tun yanzu ka cire rai da samun daidaito cif-cif. Siffofin nan guda biyar masu fuskoki iri ɗaya da Girkawa suka sani tun da can, waɗanda kusurwoyinsu ke zama daidai wa daida a jikin ƙwallo, kusurwoyin nasu 4, 6, 8, 12 da 20 ne, kuma babu siffa ta shida. Ramuka 200 ba za su taɓa zama da tazara ɗaya tak ta kowace fuska ba. Masana sun daɗe a kan wannan: J. J. Thomson ya taso da irinta a 1904 yana nazarin zaman ƙwayoyin lantarki, wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Holan mai suna Tammes kuma ya sake taso da ita a 1930 yana duba ƙofofin da ke jikin ƙwayar garin fure. Abin da kake buƙata shi ne jerin da ido ba zai ga bambanci ba, kuma wannan yana samuwa cikin layuka kaɗan.

Dabarar da nake ba kowa ita ce wadda ake kira jerin Fibonacci, kuma ƙafa biyu take tsaye a kai. Ta farko tsohon binciken Arkimidis ne, masanin lissafin nan na Girkawan dā: in ka yanka ƙwallo fale-fale da kauri ɗaya, kowane yanki ɓawonsa daidai yake da na ɗan'uwansa. Na tsakiya yana da faɗi amma ɓawonsa a tsaye yake, na kusa da kai ƙarami ne amma ɓawonsa a kwance yake, sai abin ya yi kunnen doki. Saboda haka in ka raba tsayin ƙwallon gida 200 ka ba kowane gida rami ɗaya, kowane rami ya sami fili ɗaya.

Ta biyu ita ce juyawa. Bayan kowane rami sai ka juya da kusan digiri 137.5 kafin ka sa na gaba. Wannan kusurwa ba ta komawa inda ta faro, shi ya sa ramukan ba sa taruwa a layi ɗaya. Ɗauki abarba ka ƙirga layukan idanunta da suka karkata hagu da waɗanda suka karkata dama, sau da yawa za ka sami 8 da 13. Tsarin ke nan.

A Rhino ka buga EditPythonScript, ka zuba wannan:

```
import math
import rhinoscriptsyntax as rs

N = 200
R = 150.0
juyi = math.pi * (3 - math.sqrt(5))

rs.EnableRedraw(False)
for i in range(N):
    z = 1 - (2.0 * i + 1) / N
    r = math.sqrt(1 - z * z)
    t = i * juyi
    rs.AddPoint(R * r * math.cos(t), R * r * math.sin(t), R * z)
rs.EnableRedraw(True)
```

N shi ne yawan ramuka, R kuma rabin faɗin ƙwallon a milimita. Ka kula da abu biyu, don a nan mutane suka fi tuntuɓe. Kada ka share "juyi" ka rubuta 137.5 kai tsaye, domin Python, wato yaren da aka rubuta umarnin da shi, ba da digiri take lissafin cos da sin ba, da wani ma'aunin kusurwa mai suna radiyan take yi, kuma a nan ƙimar ta kama kusan 2.4. Sannan kada ka mayar da 2.0 ya koma 2. Rhino 7 da waɗanda suka gabace shi tsohuwar Python suke amfani da ita, wadda in ta raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba take zubar da ragowar. Ka yi haka, ɗigo 100 za su taru wuri guda a ƙoƙon kan ƙwallon, sauran 100 kuma su jeru a zagayen tsakiyarsa.

Kafin ka zaɓi girman ramin, ka san tazarar da za ka samu. Ka ninka R da 3.5, ka raba da tushen N, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba da N. A naka lissafin ya ba da kusan milimita 37. Ramin milimita 12 zai bar nama isasshe a tsakani, amma in ka kai 30 bangon zai yi siriri, kuma a kusa da kai da gindi inda jerin ya ɗan fi matsuwa zai iya karyewa. Wurin hudawa kuma, kowane rami ya fuskanci cibiyar ƙwallon: ja layi daga tsakiya zuwa ɗigon, ka ɗora bututun yankan a kansa.

Tambaya: Malam, ni ba ni da kuɗin Rhino. AutoCAD ne a kwamfutar makarantarmu, kuma da na sa ɗigo ba na ganin komai.

Amsa: Suna nan, ƙanƙanta ce ta ɓoye su. Buga PDMODE ka ba shi 35, za ka ga kowanne ya fito da da'ira da gicciye a ciki, PDSIZE kuma shi ke ƙara musu girma. A gida kuwa ka sauke FreeCAD, kyauta ce kuma tana jin Python. Lissafin bai canza ba, layin AddPoint kawai za ka musanya da nata umarnin.

Tambaya: Ni rumfa nake so in zana mai siffar rabin ƙwallo da ƙarafa. Wannan dabarar za ta yi mini?

Amsa: In fitilu za ka jera a jikin rumfar, za ta yi. Sai ka mayar da layin z ya zama 1 - (i + 0.5) / N, ɗigon za su tsaya a rabin sama. Amma in ƙarafan ginin ne, ban ba ka shawara ba. Jerin Fibonacci in ka haɗa ɗigonsa da sanduna, kusan kowace sanda da nata tsawon, mai walda zai sha wuya. Ka fara da siffar nan mai fuska 20 da kusurwa 12, ka raba kowane gefe biyu, ka tura sababbin ɗigon waje su zauna a jikin ƙwallon. A cikakken ƙwallo za ka tashi da ɗigo 42 da tsawon sanda iri biyu kacal, sai ka ɗauki rabin sama. In ka maimaita, ɗigon su koma 162, sannan 642. Irin wannan rumfa ce Buckminster Fuller ya shahara da ita, har ya zana wa Amurka babba a bajekolin Montreal na 1967. Abin da za ka rasa shi ne zaɓin adadi: ba za ka ce 200 kake so ka samu ba. Ga rumfar tsakar gida, ka tsaya a rabon farko, ka yanke sandunan kashi biyu, ka shafa wa kowane kashi fenti daban kafin ka kai wa mai walda.