Ka karɓi aikin koyarwar nan ɗan'uwa, kada ka yi irin tawa

Ɗan'uwa wallahi da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru. Ka ce an ba ka aikin koyar da kiɗa a makaranta amma kana tsoron in ka karɓa shi ke nan kai da busa saksofon, kuma abokai za su ce ka gaza. Nima an taɓa ba ni na ƙi, har yau ina cizon yatsa.

Wata takwas ina busa alto, wato wani nau'in saksofon, a wani otal, duk Juma'a da Asabar daga tara na dare har biyu, ogan ƙungiyar kiɗanmu kullum sai ya ce otal ba su biya ba tukuna ka ƙara haƙuri, ni kuma ina jin nauyinsa don shi ya fara tsayar da ni gaban jama'a. Ashe yana karɓar kuɗin. Har kiɗan da na tsara da kaina, na kwana ina rubuta wa kowa inda zai shigo, ya ɗauki makirfo ya ce nasa ne, a gabana fa, ina tsaye da saksofon a wuya. Da kuɗin haya ya taso matata na da cikin wata bakwai, na kira shi ya fi sau goma bai ɗaga ba, ƙarshe saksofon ɗin na kai na sayar, ko rabin kuɗinsa ban samu ba. Shekara biyu ban busa komai ba. Gaskiya har yanzu ban iya yafe masa ba.

Masu cewa ka gaza ka tambaye su Yusef Lateef, mabushin saksofon ɗan Amurka. Mutumin da ya yi wasa da manyan makaɗan jazz Dizzy Gillespie da Cannonball Adderley, amma ya koma karatu har ya yi digirin dakta a fannin ilimi a 1975, ya baro Amurka ya zauna ABU Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana koyarwa yana bin sarewar Fulani, kuma bayan ya koma ne ma ya ci Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka. Ya rasu 2013 yana da shekara 93, aji bai raba shi da busa ba.

Kawai dai ka tsare awa ɗaya ta busa kafin ka fita aiki, ko dogon sauti kaɗai ka ja, leɓe ba ya jiran kowa. Kuma dan Allah kada ka ƙara hawa wasa ba a ba ka rabin kuɗi a hannu ba, ko wa ya kira ka. Duk abin da ka tsara ka ɗauka a waya ka tura wa kanka don kwanan wata ya fito. In hunturu kuma ya zo, ka riƙa jiƙa rid, ɗan siririn karan nan na bakin saksofon, sosai kafin ka ɗaura, nawa da yawa haka suka tsage.

Wane saksofon kake busawa, alto ko tena? Akwai bakin alto ɗaya da ban sayar ba, yana nan ajiye, in zai maka amfani ka min magana.