Keke Mai Giya 21: Yadda Ake Canja Giya Ba Tare Da An Ci Sarƙa Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi keken gwanjo mai giya 21, akwai maɓallai dama da hagu a kan keken, Shimano aka rubuta a jikinsu. Duk sanda na danna a kan hawa sai in ji ƙara kas-kas, wani lokacin sarƙar ta zame. Lalacewa ya yi ko ni ne ban iya ba? Daga wani ɗalibi a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam. Da alama kekenka lafiyarsa ƙalau, lokacin dannawar ne bai yi daidai ba.

Abin da ake kira giya 21 faranti 3 ne masu haƙora a wurin feda, da 7 a tayar baya. Maɓallin hagu na gaba yake juyawa, na dama kuma na baya. Kowanne yana da hannu biyu: babba na babban yatsa, wanda ke ɗora sarƙa kan faranti mafi girma, da ƙarami na manuniya mai sauko da ita. Inda mutane ke ruɗewa shi ne, babban faranti a baya sauƙi yake kawowa, a gaba kuwa nauyi yake ƙarawa.

Sarƙa ba ta tsallakawa sai feda na juyawa gaba, don haka kada ka danna keken na tsaye. Amma kuma ba ta son a canja ana take feda da ƙarfi. Idan ka hango hawa, tun kana ƙasa ka rage giya. In ya kama dole a tsakiyar hawan, ka ɗan sassauta ƙafa na juyi ɗaya, ka danna sau ɗaya, ka ji ta zauna, sannan ka ci gaba da takawa. Wannan ƙarar da kake ji, haƙora ne ke cin sarƙa.

Yawancin tafiyar cikin gari, ka bar na hagu a lamba 2, ka riƙa wasa da na dama. Lamba 1 ta hawa ce, 3 ta gangara da miƙaƙƙiyar kwalta. Ka guji haɗa babban farantin gaba da babban na baya, ko ƙarami da ƙarami, domin sarƙar karkacewa take yi tana goga ƙarfe.

In ka kiyaye duk wannan amma tana jinkirin hawa babban farantin baya, wayar giyar ce ta saki. Inda wayar ta shiga na'urar baya, wato wadda ke matsar da sarƙa tsakanin farantan baya, akwai wani ɗan noti da ake murzawa da hannu. Ka juya shi kwata kamar za ka kwance shi, ka gwada, ka ƙara kwata in bai isa ba. Sukurori biyu masu alamar H da L kuwa ka ƙyale su, iyakar tafiyar sarƙa suke tsarewa, kuma kuskure a L na iya jefa ta cikin wayoyin taya. Keken da ya taɓa faɗuwa ta dama, a kai wa mai gyara ya duba ko ƙarfen da ke riƙe na'urar ya lanƙwashe.

Baƙin mai kuma, da masu keke ke yawan zubawa, ƙura yake tarawa, balle lokacin hunturu. Ka goge sarƙar da tsumma, ka ɗiga man keken ɗinki kaɗan, ka sake gogewa.