Amsa kan amfani da indossare a Italiyanci

Malama, kin tambaya ko daidai ne a ce "mi indosso" idan mutum yana shiryawa zai fita, da kuma dalilin da ya sa ba ki cika jin indossare a bakin maƙwabtanki ba, alhali da shi littafin koyonki ya fara.

Ba a cewa "mi indosso", domin aikatau indossare, mai ma'anar sanya tufa, ba ya tsayuwa sai da karɓau, wato dole a ambaci abin da aka sanya, kamar "indosso una giacca". Idan shiryawa gaba ɗaya ake nufi, vestirsi ake ɗauka: "mi vesto", a shuɗaɗɗen lokaci kuma mace ta ce "mi sono vestita", namiji ya ce "mi sono vestito".

Juyawarsa ba ta da wuya: indosso, indossi, indossa, indossiamo, indossate, indossano. A shuɗaɗɗen lokaci aikatau mataimaki avere yake bi, don haka mace da namiji duk "ho indossato la gonna" za su ce. Amma idan wakilin suna ya gabaci aikatau, ƙarshen kalmar yakan bi jinsi da adadin tufar: "l'ho indossata" ga siket, "li ho indossati" ga wando, domin pantaloni jam'i ne a wurinsu. Mahallin magana ne kuma ke nuna ko mutum yana cikin sanyawa ne ko yana sanye da abin.

Tambayarki ta biyu ta fi muhimmanci a ganina. A shekarun da na yi ina aiki a arewacin Italiya, na fi cin karo da indossare a rubuce, a jaridu, da tallan tufafi, da allunan gargaɗi irin su "è obbligatorio indossare il casco" (dole a sanya hular kwano) a wuraren gini, ko na takunkumin fuska da suka cika shaguna a 2020. A cikin gida kuwa uwa "mettiti il cappotto" take ce wa ɗanta lokacin sanyi, wato "sanya kwat", daga aikatau mettersi. Abin da mutum ya saba sanyawa, kamar tabarau, portare ake amfani da shi: "porta gli occhiali". Mai sayar da takalma ma "che numero porta?" zai tambaye ki.

Saboda haka ki riƙe indossare don jarrabawa da rubutu, a hira kuma ki yawaita mettersi da portare, tare da lura cewa mettersi aikatau mataimaki essere yake bi, ba avere ba: "mi sono messa la sciarpa".