Dila ya ce min otomatik ce, sati bakwai kuloci ya ƙone, zan iya mayar masa da motarsa?

Salam Barista, dan Allah shawara nake nema. Na sayi mota ƴar Kwatano wajen wani dila a nan Kano miliyan 6 da rabi, uwargida na saya wa saboda kai yara makaranta, kuma na faɗa masa ƙarara bata iya manuwal ba otomatik nake so, yace ai wannan otomatik ce. Sati biyu da saye in ta shiga gosulo sai motar ta dinga ƙara ɗit ɗit tana fizga, ga wani wari kamar ana ƙona roba. Shekaranjiya a kan gadar Ƙofar Nassarawa ta tsaya cak taƙi shiga giya, sai janyo ta akai. Bakanike yace kuloci ne ya ƙone, nace kuloci kuma a otomatik? Na kira dilan yace matata ce bata iya tuƙi ba, kuma ai a rasit an rubuta ba'a dawo da kaya. Yau sati bakwai kenan da saye, abokina yace in kai shi wajen ƴan sanda.

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara kiyayewa, an gode Allah tunda Hajiya da yaran lafiya.

Kafin komai, kar ka bari kowa ya kwance giyabos ɗin nan tukuna, kuma a ajiye motar a daina hawa ko da ta tashi. Zan zo kan dalili.

Bakanikenka gaskiya ya faɗa. Akwai motocin da asalinsu manuwal ne, da kulocinsu da komai, kawai an cire abin takawar ne aka sa kwamfuta da wata ƴar na'ura suna taka maka kulocin suna canza giya. Toyota suna ce wa tasu MMT, Honda i-Shift, Opel Easytronic, Peugeot kuma 2-Tronic, yawanci ƙananan motocin da aka yi wa kasuwar Turai. Hanya mafi sauƙi ta gane su ka duba wajen giyar, galibi ba zaka ga P ba, sai R da N da A ko E da M. Otomatik ta gaske da mai take juyawa, rarrafe a gosulo bai cika damunta ba, ita kuwa wannan busasshen faranti ne yake gogar ƙarfe, duk ɗan matsawar da akai a cunkoson Kantin Kwari ko Kurna ana saki ana takawa tamkar direba ne ya riƙe rabin kuloci, balle a hawan gada in aka tsayar da ita da totur maimakon birki, ga zafin Kano na watan Afrilu da ke haura digiri 40. Ƙarar nan da Hajiya take ji da alama motar ce ke cewa kuloci yayi zafi a tsaya ya huce, wanda ba'a gaya wa ba ina zai sani?

Na tsaya kan wannan ne saboda anan ƙarfin maganarka yake. In ka je kana cewa kuloci ya ƙone kawai, lauyan dila zai ce kuloci abin cinyewa ne kamar taya da birki, mota kuma sakan-han ce, kuma ba laifi yana da ƴar hujja. Abin da zaka riƙe shi ne ka nemi abu kaza, ka faɗi dalili, aka baka wani abu daban.

Dokar kare haƙƙin mai saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC mai kare masu saye, ta taɓa wannan kai tsaye. Sashe na 125 ya hana ɗan kasuwa faɗar abin da zai ruɗi mai saye, har ma in ya ga ka fahimci abu ba daidai ba yayi shiru bai gyara maka ba ya shiga ciki. Sashe na 131 yace kaya su zama suna aiki lafiya su kuma yi ƙarko daidai gwargwado, in kuma ka faɗi abin da zakai da su to su dace da shi. Sai na 132 wanda shi nafi so ka riƙe: cikin wata 3 da karɓar kaya zaka iya mayarwa in basu cika waɗannan sharuɗɗa ba, ba tara, mai sayarwa ya gyara ko ya canza ko ya dawo da kuɗi. Na 145 kuma ya ɗora nauyin kawo hujja kan wanda ya sayar in ana zancen kaya na da matsala. Rubutun nan na ba'a dawo da kaya da suke bugawa a ƙasan rasit kar ya firgita ka, ɗan kasuwa bashi da ikon soke haƙƙin da doka ta baka da biro.

Toh amma bari in faɗa maka inda takalminka zai matse. Zai ce ai ba ta da abin taka kuloci, kanta take canza giya, ina ƙaryar? Zai ce ka zo da bakanike ya duba kafin ka biya, in haka ne kuwa, tsohuwar dokar sayar da kaya da muka gada daga Ingila ta 1893 tace aibin da dubawa ya kamata ta nuna ba'a komawa kan mai sayarwa da shi, kuma in ka riƙe kaya lokaci ya ja baka ce ka fasa ba an ɗauka ka karɓa, sai dai diyya. Sannan ka duba rasit ɗin da kyau, sunan wa ke kai, asusun wa ka tura wa kuɗi? Sau da yawa sai rigima ta tashi dila yace ai motar ba tasa bace ajiye masa akai, shi la'ada kawai ya ci. In da sunan shagonsa aka yanka rasit da wuya ya zame, in kuwa wani mutum ne can ya sayar da motar hawansa ta hannun dillali, dokar 2018 ɗin ba zata yi maka aiki sosai ba don ƴan kasuwa ta fi nufa.

Maganar otomatik ɗin nan da baki ya faɗa ko a WhatsApp? Ka koma ka bincika, saƙon murya, hoton tallan da ya ɗora a status ko Facebook, duk ka adana yau ɗin nan kafin ya goge. Wanda ya raka ka ranar shima sheda ne.

Dalilin da nace kar a kwance kuwa, kulocin nan shi ne babban shedarka. Ka sami bakaniken da ya san irin giyar nan, ba kowa bane a Ƙofar Ruwa ya iya ta, a fara jona kwamfuta a ɗauki hoton abin da ta nuna, sannan ka gayyaci dilan a rubuce ya zo ko ya turo wakili ranar da za'a buɗe, ayi bidiyo. In aka ga faranti ya cinye har ƙusoshinsa sun fito, ƙarfen da yake goga yayi shuɗi shuɗi saboda daɗewa yana shan zafi, mai hankali ya san ba aikin sati bakwai bane. Bakaniken ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu, ka riƙe tsofaffin kayan da rasit ɗin janwe.

Ƴan sanda kuma, ni dai bana baka shawara. Sashe na 32 na dokar ƴan sanda ta 2020 ya hana kama mutum kan rigimar ciniki zalla, in ka sa aka kulle shi yana iya juyowa ya maka ka a kotu kan tauye masa haƙƙi, kaga an je neman ƙiba an samo rama.

Hanyoyin da ke gabanka: ka fara da shugabannin ƙungiyar dilolin wajen, wlh sau tari anan ake kashe irin wannan wutar don babu dilan da ke son sunansa ya ɓaci cikin ƴan uwansa. In bai yiwu ba akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Kano da FCCPC, akwai zauren sulhu na Babbar Kotun jiha, akwai kotun ƙananan da'awa da ba sai da lauya ba, ita ta fi dacewa in kuɗin gyara kake nema tunda tana da iyakar kuɗin da take saurara. In dukkanku Musulmi ne kotun shari'a ma hanya ce mai kyau, a fiƙihun Malikiyya wanda ya tarar da tsohon aibi yana da zaɓin mayarwa, kuma cewa na sayar maka a yadda ka gani baya wanke wanda ya san aibi ya ɓoye. Sai dai a can ma in ka ci gaba da amfani da abu bayan ka ga aibinsa ana iya cewa ka yarda, za'a tambaye ka sati biyar ɗin da aka yi ana hawa tana ƙara, amsarka ita ce sai shekaranjiya ka san mene ne matsalar.

A ganina dawo da kuɗinka cif zai yiwu amma sai an ja, abin da yafi kusa shi ne ya karɓi motar ya canza maka da otomatik ta gaske ko da zaka ɗan cika, kuma shi zan fi so maka tunda ko an sa sabon kuloci gosulon bai tafi ko'ina ba. In kuka tsaya kan gyara, a rubuta cewa har da saita giyar da kwamfuta bayan an ɗaura, in ba haka ba fizgar zata dawo, Hajiya kuma ta dinga barin tazara a cunkoso tana riƙe birki a hawa.

Gobe da safe ka kai masa takarda, ka rubuta ranar saye, abin da ka nema, abin da ya faru, da cewa ka fasa cinikin kana neman kuɗinka ko canji cikin kwana 7, ya sa hannu a kwafinka, in yaƙi ka tura masa hotonta ta WhatsApp. Wata ukun nan sati 13 ne, bakwai sun riga sun tafi.